Gwajin ciwon hanta nau'in C nan take: a kai shi ƙauye ko a bar shi a birni?

Malamin Lab: Assalamu alaikum. Na san maganata ba za ta yi wa wasu daɗi ba. Kai na'urar tabbatar da ciwon hanta nau'in C ƙananan asibitoci ba zai ɗore ba a ƙasar nan. Na'urar, wato GeneXpert, tana son wuta tsayayya da ɗaki mai sanyi. Zafi na wuce digiri 30 za ta fara gardama, ga ƙurar hunturu. Katirij ɗaya, wato ɗan mazubin da ake sa jini a ciki don gwajin mutum guda, kusan dala 15 ne, kuma yana da wa'adi. Ranar da masu tallafi suka kama gabansu, sai dai a lulluɓe ta da zane. Gara a ɗebi jini a ƙauye a aika babban ɗakin gwaji.

Sista: Wa alaikumus salam, Malam. To an aika, wa zai dawo karɓar sakamakon? Ciwon nan ba ya kwantar da mutum sai bayan shekaru. Manomin da yake jin garau, ka ce masa ya dawo bayan mako uku, ga kuɗin mota tun da aka cire tallafin mai a 2023, wallahi ka rabu da shi ke nan. Sai cikinsa ya kumbura a kawo mana shi ranga-ranga.

Kawu: 'Ya'yana, ni ba ma'aikacin lafiya ba ne. Tsinken nan da ake ɗiga wa jinin yatsa a gangamin ranar ciwon hanta ta duniya, 28 ga Yuli, bai wadatar ba?

Likita: Ranka ya daɗe, bai wadatar ba. Tsinken yana nuna cewa ƙwayar cutar ta taɓa shiga jiki ne kawai. Kusan mutum 3 cikin 10 jikinsu na korar ta da kansa, amma shaidar ba ta gogewa. Dole a yi gwaji na biyu da zai ga ƙwayar kanta, kuma shi muke gardama a kai. Na'urar kan ba da amsa cikin awa ɗaya, mutum ya tafi gida da maganinsa a ranar. Mako 12 yana sha, fiye da kashi 95 cikin ɗari suna warkewa sarai. Nau'in C ba shi da allurar rigakafi, don haka gano shi da wuri ne kaɗai gatanmu.

Ɗan Keffi: Yaya Malam, a Nasarawa fa ba a jira sababbin na'urori ba. Da gwamnatin Abdullahi Sule ta ƙaddamar da shirin kawar da cutar a 2020, na'urorin da ake gwajin tarin fuka da su aka jingina wa aikin. Na'ura ɗaya, ma'aikaci ɗaya, cuta biyu.

Malamin Lab: Ƙanena, kuɗin wa ke riƙe da na'urorin tarin fukan? Mun ga yadda aiki ya rikice da Amurka ta dakatar da tallafi a Janairun 2025. Kuma idan majinar masu tari ta cika layi, jinin mai ciwon hanta ne zai jira.

Likita: Amma Masar ta nuna ana iyawa. Daga Oktoban 2018 ta gwada mutum kusan miliyan 50 cikin watanni bakwai, ƙasar da allurar maganin tsargiya ta baza wa cutar a shekarun baya saboda maimaita sirinji. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba ta shaidar matakin zinare a hanyar kawar da cutar, ita ce ƙasa ta farko.

Malamin Lab: Likita, ai hujjata ka kawo. A Masar tsinke aka yi a unguwanni, wanda ya nuna alama aka tura shi cibiya don gwaji na biyu. Abin da ya riƙe shirin shi ne gwamnati ta ɗauki nauyi, kuma kamfanonin ƙasar suka haɗa maganin da kansu. Maganin sofosbuvir da ya fito a Amurka kan dala 84,000 ya zama na talaka.

Sista: Mutanen Masar a cure suke a bakin Nilu, Malam. Ka zo ka ga nisan rugagen da muke yi wa hidima, da yadda hanya take da damina. Tsarinsu ba zai zauna mana daidai ba. Kuma kullum ana kaciya da ƙaho da aska ɗaya, ana allura a kemis. Duk wanda ya ɓace mana tsakanin gwaji biyu, yana can yana yaɗawa bai sani ba.

Malamin Lab: Na yarda da wannan, Hajiya. Amma akwai ɗigon jini da ake busarwa a takarda a aika, ba ya buƙatar firiji. Sakamako ya zo ta waya, ke ki ba da magani a nan. Na'ura kuma a ajiye ta inda akwai sola da mai gyara.

Sista: Wayar wa? Da yawa daga matan da nake gani lambar miji ko ta maƙwabci suke bayarwa, kuma ba kowace ce za ta so labarin ya bi ta nan ba. Ni dai a sa kuɗin katirij da na gyara a kasafin jiha da inshorar lafiya, da sunansu, a koya wa mutum biyu aikin a kowane asibiti saboda canjin wurin aiki.

Kawu: Likita, ni da aka yi wa ƙarin jini tun ina saurayi, in je a duba ni?

Likita: Ka je gobe, Kawu. Idan tsinken ya nuna wani abu, kada ka bar wurin sai sun faɗa maka inda ake gwaji na biyu da ranar da za ka karɓa.