Sakwarata ba ta yin danƙo, ina matsalar take?

Amaryar Gyaɗi-Gyaɗi:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah waɗanda suka san kan sakwara ku taimaka min. Ni haifaffiyar Kano ce, da tuwon shinkafa da na masara muka tashi, doya kuwa a gidanmu sai dai a soya ta da ƙwai ko a yi fate. Maigidana a Lafiya ya girma, su kuma sakwara ce abincin darensu. Bai taɓa yi min ƙorafi ba, amma ina ganin irin cin da yake mata idan mun je gida, ina kuma ganin yadda yake tsakurar tawa. Abin yana damuna sosai.

Tawa ruwa-ruwa take fitowa, ba ta haɗe jikinta. In na malmala na sa a kula, kafin isha'i ta baje. Ga ƙananan gudaji a ciki. Ta Hajiyarsa kuwa sumul take, in ka gutsuro sai ta biyo hannunka. Doyar da nake saye manya ce masu kyau, a cikin watan nan na Satumba ma na ƙaro. Nakan yanka ta manya-manya, in sa ɗan gishiri in dafa, in juye a kwando ta sha iska, sannan in zuba duka a turmi.

Hajiya za ta zo mana ƙarshen wata. Doyar ce ba ta da kyau ko hannuna ne? Sannan garin sakwarar nan na leda zai fitar da ni? A saman bene muke, ina jin nauyin mutanen ƙasa duk ranar da na ɗauki taɓarya.

Maman Sadiya Lafiya:

Wa alaikumus salam 'yata. Allah Ya yi miki albarka da kika damu da cikin mijinki. Hannunki lafiyarsa ƙalau, tsarin ne za ki canza.

Babban abin da ke ɓata miki aiki shi ne juyewar nan a kwando. Sakwara ba ta jiran kowa. Doya tana da zafi ake kirɓa ta, da zarar ta huce ta ƙanƙame, ko ƙato kika ba taɓaryar ba zai kashe gudajin ba. Ki bar tukunyar a kan wuta kaɗan-kaɗan, turminki a gefe, kin riga kin wanke shi da ruwan zafi. Ki riƙa tsamo yanka biyu ko uku da cokali mai yatsu, ki murƙushe su sarai, sannan ki ƙaro wasu a kai. Kada ki zuba duka lokaci guda, na ƙasa zai daku, na gefe ya riƙa zillewa yana hucewa.

Gishirin nan ki daina, sakwara ba a sa mata gishiri, miya ce da wannan aikin. Yankan kuma ki rage masa girma, ki sa su zo daidai da juna don su nuna tare. Yawancin gudaji daga tsakiyar yankan da bai dahu ba yake fitowa. Ki soka cokali, in ya shige ba gardama ta yi. Ruwan dahuwa kada ya shanye kanta, ya tsaya daidai da ita ko ƙasa kaɗan. Kan doyar, wajen da take tsiro, ki sare shi ki ajiye don fate, yana da tauri wani lokaci har da ɗaci.

Sai maganar ruwa, a nan mata da yawa ke faɗuwa. Ba a sa ruwa da wuri. Ki yi ta kirɓi har ta haɗe ta zama dunƙule ɗaya, ta fara kama taɓarya tana ƙara. Sannan ne za ki yayyafa ruwan da kika dafa ta da shi, mai ɗumi, da hannu ba da kofi ba. Ki kirɓa, ki juya ta da jiƙaƙƙen hannu, ki sake kirɓawa. In ta fara ƙyalli ta yi. Mu nan sau da yawa mutum biyu ke kamawa, taɓarya na tashi wata na sauka, saboda saurin shi ne rabin aikin.

Mai Doya Paiko:

Hajiya Maman Sadiya ta gama magana a kan daka. Ni zan yi a kan abin da na sani, don doya ce sana'ata tun ina bin mahaifina kasuwa.

Ƙanwata, tun da kika ce Satumba na gane. Sabuwar doya kika saya. Wadda ke shigowa kasuwa daga wajen Yuli zuwa Satumba cike take da ruwa, ba ta gama ƙosawa ba. A dafa a ci da manja ko a soya, ba laifi, amma a turmi sai ta saki. Doyar sakwara ita ce wadda aka haƙa bayan ɗaukewar ruwa, daga Nuwamba zuwa Janairu, ta kwanta a rumbu iskar hunturu ta busa ta. Ruwanta ya ragu, ta yi gari, ta ƙara zaƙi. Hajiyar mijinki ta san wannan, shi ya sa tata take biyo hannu.

In kin je kasuwa ki ce wa mai doya ta sakwara kike so, kuma ki tambaye shi ko da sauran tsohuwa, ko da yake a wannan lokacin ta yi wuya kuma ta yi tsada. Kada girma ya ruɗe ki. Ki duba bawon: na sabuwa siriri ne, farce ma yana kankare shi, ga danshi a jiki. Na wadda ta kwana biyu ya bushe ya yi kauri. Ki matsa ko'ina, in wani waje ya lotsa ki ajiye. Ki guji doyar ruwa, mai yauƙin nan in an yanka, ba ta yin sakwarar kirki. Farar doya za ki nema.

In sabuwar ce kawai a kasuwa, ki saya tun yau tunda baƙuwarki sai ƙarshen wata. Ki jera ta a kan katako inda iska ke ratsawa, ba a kan siminti ba, ba a cikin buhu ko leda ba. Firji kuwa kada ki kusantar da ɗanyar doya, sanyi yana lalata ta. Mako biyu zuwa uku za ki ga bambanci.

Mutanenmu na can sama suna ɗaukar sakwara abincin biki ko na gidan abinci, amma ki sauko Neja, Nasarawa, Binuwai, Taraba ki gani. Tibi da Gwari da Mumuye da ita suke rayuwa, haka Yarbawan Ekiti. A kasuwar Zaki Biyam ko Ɗan Anaca ko nan Paiko ƙwarya-ƙwarya ake ciniki, kowace ƙwarya doya 100, manyan motoci na lodi zuwa Legas da Kano. Kusan kashi biyu cikin uku na doyar duniya a Najeriya ake noma ta. Don haka abin da mijinki yake kewa abincin gidansu ne, ba kwaɗayi ba.

Ummu Hanan:

'Yar uwa, a kan maganar bene zan sa baki. Ina zaune a Ingila, nan ba halin turmi ko kaɗan. Da injin markaɗe nake yi, mai faɗin kwanon nan da ake kwaɓa fulawa a ciki. Ina zuba doyar da zafinta, kaɗan-kaɗan, in kunna in kashe har ta dunƙule. Minti biyu ya isa, in kika wuce haka ta zama kamar ƙaro. Tana yin kyau ƙwarai in doyar mai kyau ce.

Garin leda kuwa ina amfani da shi ranar da na dawo aiki a gajiye, amma gaskiya tuwo ne ake tuƙawa da muciya, ba sakwara ba. Ki karanta bayan ledar, wasu da garin dankali ko sitaci aka haɗa su. Wadda ta tashi a Lafiya loma ɗaya za ta gane. Don Hajiya dai kada ki yi na gari.

Amaryar Gyaɗi-Gyaɗi:

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Mama, na fahimci zancen zafi da ruwa. Malam mai doya, gobe in sha Allahu zan shiga kasuwa. Injin irin na Anti Ummu Hanan ba ni da shi, amma matar ƙasa ta ce in sauko da turmin tsakar gida, har za ta kama min. Saura miya. Agushi kawai na iya, shi ma yana tsinkewa. Ko in yi miyar kuka tunda ita na fi ƙwarewa?

Maman Sadiya Lafiya:

A'a 'yata, bar kuka wa tuwon masara. Yi agushinki, gyara kaɗan yake so. Ki kwaɓa garin agushin da markaɗaɗɗiyar albasa da ɗan ruwa ya yi kauri. Ki soya tattasai da attaruhu a manja har ruwansu ya ƙone, ki zuba romon nama da daddawa, sannan ki riƙa ɗiga agushin da cokali. Ki rufe, ki rage wuta, kada ki juya sai ya yi kamar minti goma. Saurin juyawa ne ke tsinka shi. Busasshen kifi da ganda su shiga da wuri don su yi laushi, ganye kuma, ugu ko alayyahu, a ƙarshe.

In Hajiya ta manyanta, ki haɗa mata da ɗanyar kuɓewa a wani kwano, tsofaffi sun fi son mai santsi don ta fi wucewa. Kuma ki gama miyarki tsaf tun la'asar, doyar kuma kada ki ɗora ta sai an kusa kiran magariba, don a ci sakwarar da ɗuminta.