Aduwa da magarya dangi ɗaya ne?

Ɗan Marwa:
Salamu alaikum jama'a, dan Allah masu ilimin itatuwa a taimaka. Yarona aka ba shi aiki a lise, wato makarantar sakandare, kan itatuwan daji masu ƙaya, ya zaɓi aduwa, ni kuma na ce masa ai ita da magarya da kurna duk gida ɗaya ne tunda duk ƙaya ce da su kuma ana shan 'ya'yansu, shi kuma ya ce a'a. Wa ke da gaskiya?

Malamin gona, Mora:
Wa alaikumus salam Alhaji. Yaron ne da gaskiya. Magarya da kurna kam 'yan uwa ne, duk Ziziphus ne. Aduwa ita Balanites aegyptiaca ce, danginta Zygophyllaceae, kuma abin da zai ba ka mamaki shi ne tsidau, wannan da ke sokin ƙafa in mutum ya fita ba takalmi, shi ne ɗan uwanta, a da an ware mata dangi nata ita kaɗai Balanitaceae daga baya aka mayar da ita can. Ƙaya ba ta nuna dangi, fure da 'ya'ya da tsarin ganye ake dubawa. Ka tsinko reshe ka gani, ganyen aduwa bibbiyu suke fitowa a kan kara ɗaya, ƙayarta koriya ce doguwa miƙaƙƙiya, ta magarya kuwa gajeru ne guda biyu, ɗaya tsaye ɗaya lanƙwashe kamar ƙugiya.

Hajiya daga Kusiri:
Ni dai abin da na sani ko rani ya kai Afrilu daji ya bushe ƙurmus hanyar Waza, aduwa tana nan shar da ganyenta, awaki da raƙuma a kanta suke rayuwa. Mu nan har mai ake tatsa daga ƙwallonta, allon karatu ma da icenta ake sassaƙawa. Wallahi ina jin ciwon yadda ake sare ta don gawayi.

Malamin gona, Mora:
Gaskiya ne Hajiya, saiwarta ce ke nitsewa ƙasa sosai. Alhaji ka ce yaron ya ƙara wannan, a 1753 masanin tsirrai Linnaeus ya haɗa ta da tsada ya kira ta Ximenia aegyptiaca, sai a 1813 wani Bafaranshe Delile ya fitar da ita ya ba ta sunan da take da shi yanzu.

Ɗan Marwa:
Na gode malam, Allah ya ƙara basira. Gobe za mu tsinko rassan biyu ya kai aji.