Ƴan matan ƙauye na ɓacewa daga sizyam: ta ina za a fara?

Malam_Zango: Assalamu alaikum malamai. A CEG (ƙaramar sakandare) na gefen Damagaram, ƴan matan da suka zo daga ƙauyukan Mirya da Takeita su ke fara barin sizyam, wato ajin farko na CEG, wasu tun zangon farko bai ƙare ba. Malamin da aka ɗora wa kula da su, me zai fara dubawa?

Sirbeyan_Birni: Wa alaikumus salam. Littafin kiran suna, Malam. Sai dai kada ka tsaya ga yawan fashi, duba ranakun. Wadda ba a gani ranar Alhamis, talla aka aika ta kasuwar Dole. Wadda ke makara kullum da safe, ɗibar ruwa take yi wa gidan da ta sauka, ka san halin ruwa a garin nan. Wadda kuwa ke ɓacewa kwana uku ko huɗu a jere duk wata, al'ada ce: bayin makaranta ba ƙofa, ba buta, ba ƙyalle. Ba za ta taɓa faɗa wa namiji ba. A ajiye ƙyalle da sabulu wurin malama guda, kowace yarinya ta san wace ce.

Malama_Hadiza: Na ƙara da mai masauki. Ana rubuta sunan uba da ke ƙauye a manta da wanda yarinyar ke kwana gidansa. Karɓi lambarsa tun Oktoba. In fashi ya kai kwana uku, a je gidan, amma da uwa ɗaya daga cikin AME, ƙungiyar iyaye mata ta makaranta. Malami namiji shi kaɗai, tsegumi zai jawo mata, iyaye su ɗauke ta gaba ɗaya. Tambayi abin da take ci da rana. Sau da yawa hatsin da aka kawo daga gida ya ƙare, ita kuma kunya ta hana ta magana.

Baba_Direkta: Duk gaskiya ne, amma kun bar karatun kansa. Da yawa suna shigowa ba su iya karanta Faransanci ba, makinsu ya kasa 10 cikin 20, uba ya ce gara aure. A gwada karatunsu makon farko, a ba masu rauni awa guda da yamma. In maganar aure ta taso, akwai dokar Disamba 2017 mai kare yarinya ɗaliba. COGES, wato kwamitin kula da makaranta, ta tafi da dokar wurin mai unguwa da liman kafin a sa rana. Makarantar kwana ta ƴan mata irin ta garin Kelle tana rage matsalar masauki, amma gurbin kaɗan ne.