Neman shawara: wane lokaci ya fi dacewa a cire mini tsiron kunne?

Mai tambaya, daga Garwa:
Assalamu alaikum iyaye da 'yan'uwa. Shekara uku da suka wuce na ƙara huda kunnena na hagu, sai wurin ya yi tsiro mai tauri wanda yanzu ya kai girman ƙwallon dabino, yana ƙaiƙayi, kuma kullum sai na rufe shi da ɗankwali. Likitan fiɗa ya duba, ya ce sunansa keloyid, kuma za a iya cire shi da allurar kashe zafi a wurin kawai, ba tare da an sa ni barci ba. An sa bikina bayan Babbar Sallah ta 2026. Mahaifiyata ta ce a yi aikin da sanyi, ƙanwarta kuma ta ce sanyi yana shiga miki, gara a bari sai bazara, gab da biki. Yanzu muna watan Oktoba na 2025, ina roƙon waɗanda suka sani su ba ni shawara.

Wata Hajiya, daga Marwa:
Wa alaikumus salam 'yata. Maganar mahaifiyarki ita ce daidai. Tun muna yara, da hunturu ake yi wa samari kaciya, domin iyayenmu sun lura cewa miki ya fi saurin kamewa idan babu gumi. Ke da kike Garwa kin fi ni sanin yadda Maris da Afrilu suke, lokacin da zafi yake wuce digiri 40, mutum yana zaune ma zufa tana tsiyaya ta bayan kunne. Bandeji ba ya zama a jiki irin wannan.

Ma'aikacin jinya, daga Ngaundare:
Ƙanwata, na goyi bayan Hajiya a kan lokaci, kuma a ganina daga tsakiyar Nuwamba zuwa farkon Janairu ya fi, saboda ruwa ya ɗauke, zazzaɓin cizon sauro na damina ya fara ja baya, zafi kuma bai dawo ba. Sanyi ba ya ruɓar da miki. Abin da za ki kiyaye da hunturu shi ne ƙura, don haka ki riƙa rufe wurin idan za ki fita, musamman a kan babur.

Amma abin da ya fi damuna a tambayarki ba yanayi ba ne. Keloyid ba kamar sauran tsiro yake ba, fata ce da ta wuce gona da iri wajen warkar da rauni, kuma yankan likita ma sabon rauni ne a gare ta. Shi ya sa idan aka yanke shi kawai aka sallami mutum, sau da yawa yakan dawo, wani lokaci har ya fi na farko girma. Abin da ke rage wannan haɗari shi ne kulawar da ke biyo baya: allurar sitiroyid, wato maganin rage kumburi, da ake yi a cikin tabon kansa duk bayan mako 4 zuwa 6, da ɗan kunne na musamman mai matse wurin, wanda ake sawa sa'o'i masu yawa a kowace rana har tsawon watanni. Zaren ɗinki ana cire shi cikin mako ɗaya zuwa biyu, sai dai tabo yakan ɗauki shekara ɗaya ko fiye kafin ya zauna a kamanninsa na ƙarshe. Idan aka bi shawarar ƙanwar mahaifiyarki aka yi aikin a Afrilu, za ki shiga lalle da kunne mai ja da kumburi, ga rana mai ƙarfi da ke sa sabon tabo ya yi baƙi. Kafin ki amince da ranar aiki, ki tambayi likitan ko shi ne zai ci gaba da yi miki allurar, da kuɗin kowace, domin kada sefa ta ƙare a tsakiyar hanya.

Wata uwa, daga Kusiri:
'Yar'uwa, ni abin ya faru da ni. An cire mini nawa a wani asibiti mai nisa da gida, na koma allura sau ɗaya kacal, sai kuɗin mota da hidimar yara suka hana ni komawa, kuma kafin shekara ta zagayo ya sake fitowa. Idan akwai wanda ya iya aikin a Garwa, kada ki ɗauki hanyar Ngaundare ki hau jirgin ƙasa zuwa Yawunde, alhali za ki buƙaci ganin likita kusan kowane wata. Sannan idan kina shafa man bilicin, ki faɗa masa gaskiya, ki kuma hana masu gyaran amarya kai dilka ko halawa kusa da kunnen.

Ma'aikacin jinya, daga Ngaundare:
Wannan batu na mai yana da muhimmanci, domin da yawansu suna ɗauke da sinadarin da ke sa fata ta yi siriri, ɗinki ya ƙi kamawa da wuri. Haka nan ki sanar da shi idan kina da ciwon sukari ko sikila, ko kina shan asfirin. Azumin 2026 zai kama bayan tsakiyar Fabrairu, saboda haka aikin Nuwamba zai ba ki damar samun allura biyu ko uku kafin lokacin.

Mai tambaya, daga Garwa:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Na karanta wa Mama amsoshinku, kuma ranar Litinin za mu koma wurin likitan tare domin mu nemi rana a ƙarshen Nuwamba, mu kuma ji tsarin allurar. Saura tambaya ɗaya: shin ɗan kunnen mai matsewa ana samun sa a kantin magani a nan Garwa, ko sai an yi saƙo daga Yawunde?