Shin kowane Kirista bawa ne mai hudajjen kunne?

Malam Ishaya: Jama'a, ga maganar da ake ja a kanta: wai Kirista na gaskiya kamar bawan nan ne na Fitowa 21 da aka huda wa kunne, don haka wanda ya tashi a taro ya miƙa ransa ga aikin Ubangiji ba shi da damar janyewa har mutuwa. Ni na yarda. Bulus ya buɗe wasiƙar Romawa da kiran kansa bawan Almasihu. Kalmar Helenanci doulos ce, bawa sosai, ba ɗan ƙodago ba.

Mama Rifkatu: Malam, a karanta wurin a tsanake. Bawa Ba'ibrane shekara 6 yake bauta, a ta 7 ya fita, ba ya biyan ko kwabo. Sai ranar da 'yancin ya shigo hannunsa, in ya ce da bakinsa ba zai tafi ba, a kai shi gaban Allah, wasu masu fassara suka ce gaban alƙalai, a tsai da shi jikin ƙofa a huda kunnen da basilla. Maimaitawar Shari'a 15:14 ma ta ce mai tafiya a sallame shi da rabo daga garke, da masussuka, da wurin matse inabi. Wato mutumin da jari ke jiransa ne ya ce zai zauna. Yaron da ya fito gaba a daren ƙarshe na taron matasa, ana waƙa yana hawaye, ina shekara shidansa?

Fasto Dauda: Mama ta taɓo inda yake. Akwai kuma aya ta 4 a Fitowa 21 da masu wa'azi ke tsallakewa: in ubangidan ne ya aurar masa da mata, ita da 'ya'yan na ubangidan ne, shi kaɗai zai fita. Shi ya sa furucin ya haɗa ubangida da mata da 'ya'ya. Dokar zaman jama'a ce, ba a miƙe ta yadda take a ɗora wa Allah. Yesu kuma a Yahaya 15:15 ya ce ba zai ƙara kiran almajirai bayi ba, abokai ne. Galatiyawa 4:7 ta ce mai bi ba bawa ba ne, ɗa ne, har magaji.

Malam Ishaya: Baba Fasto, wanda ya rubuta Galatiyawa 4:7 shi ne a 1:10 ya kira kansa bawan Almasihu. Bai ga karo a ciki ba. Kuma mu muka san ma'anar fansa: a da can a ƙasar Hausa kuɗi ake biya a fanshi bawa. 1 Korintiyawa 6:20 ta ce saye aka yi, da tamani. Wanda aka fansa na wanda ya biya ne.

Fasto Dauda: Ba na musun wannan. Amma ci gaba zuwa 7:23: an saye ku, kada ku zama bayin mutane. A nan abin yake lalacewa. Alkawarin nan, Allah aka yi wa shi, sai shugaban ikkilisiya ya karɓe shi: kada ka yi aure sai na amince, kada ka koma wata ikkilisiya, ai an huda kunnenka. Daga nan basillar ta koma hannun da ba nata ba.

Sista Monika: Abu biyu kuke cakuɗawa. Zama na Almasihu na kowane mai bi ne. Wa'adin wata hidima ta musamman kuwa mataki-mataki ake hawansa. A dokar Katolika, mai shiga zaman zuhudu yana yin horon farko na aƙalla wata 12, ba ya wuce shekara 2. Sannan wa'adi na ɗan lokaci, shekara 3 zuwa 6, ana iya ƙarawa amma duka ba zai haura 9 ba. Wa'adin din-din-din na talauci, rashin aure da biyayya sai ya cika shekara 21 da haihuwa, kuma in ta tabbata tsoro ko tilas ko yaudara ce ta sa shi, wa'adin bai ɗauru ba. Wanda na ɗan lokacinsa ya ƙare ya ga ba zai iya ba, ya kama hanyarsa, ba laifi. Ko bayan na din-din-din akwai neman izinin fita, sai dai da dalili mai nauyin gaske.

Malam Ishaya: To Sista, Mai Hadishi 5:5 fa? Gara kada ka yi wa'adi da ka yi ka ƙi cikawa.

Mama Rifkatu: Haba Malam, ayar nan ai tana gefenmu. Duba aya ta 2 a surar: kada ka yi gaggawar buɗe baki a gaban Allah. Gargaɗi ne tun kafin a furta, kuma mai riƙe da makirufo da ke ƙirga waɗanda suka fito gaba shi ya kamata ya fara karanta musu ita.

Malam Ishaya: Na karɓi gyara a kan yaron taron matasa. Doulos kam ina nan a kanta. Baba Fasto, Romawa 6:22 ta ce an 'yantar da ku daga zunubi kun zama bayin Allah. Yaya za ka daidaita ta da Yahaya 15:15? Ina jira.