Ƙoƙon katako a kan hedifon Fostex T50RP: bes ya kumbura, muryoyi sun koma baya

Mai_Sauraro:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawara a kan hedifon Fostex T50RP Mk3 da aka cire masa ƙoƙunan roba aka sa na katakon mahogani. Zurfin cikin ƙoƙon milimita 30 ne, faɗinsa 80, kaurin bango 7, kuma an huda kafar iska ɗaya mai milimita 5 a ƙasan kowanne. Ba a sa komai a ciki ba tukuna, matashin kunnen ma na asali ne. Yanzu bes ya kumbura yana gunji, muryar mawaƙi kamar daga cikin rijiya take fitowa, sannan ɓangaren hagu ya ɗan fi na dama ƙarfi. Mahoganin ne bai dace ba, a sake da katako mai nauyi irin eboni? Ko gyaran daga ciki yake? In daga ciki ne, da me ake farawa?

Injiniya_Sauti:

Wa alaikumus salam. Malam, bar mahoganin nan, ba shi da laifi. Abin da ka bayyana sautin ƙoƙon da babu komai a cikinsa ne, ko da wane katako aka sassaƙa shi.

Lasifikar T50RP ba irin mai mazugi ba ce. Tantani ne siriri da aka shimfiɗa wa layukan waya, yana rawa tsakanin maganaɗisu, kuma yadda yake tura sauti zuwa kunne haka yake tura shi baya. Wanda ya tafi baya sai ya daki bangon katako ya dawo, ya ratsa tantanin ya isa kunne a makare. Lissafin ba wuya: sauti na tafiyar mita 343 a daƙiƙa, ka raba wannan da ninkin zurfin ƙoƙonka, wato milimita 60, za ka samu wajen 5,700 Hz, wato yawan kaɗawar sauti a daƙiƙa. Faɗin milimita 80 kuma yana da nasa amon tsakanin 2,000 da 2,500 Hz, daidai inda muryar mutum ke samun haskenta. Rijiyar da kake ji ke nan.

Fara da yoyon iska, domin bambancin hagu da dama yawanci daga nan yake. Cire matashin, kwance sukurorin da suka riƙe faifan da lasifikar ke zaune a kai, ka ɗaga shi a hankali don wayoyin gajeru ne kuma sirara. Duba bakin ƙoƙon. Katako ba ya kwanciya daram a kan roba, ko tazarar da ba ta kai kaurin takarda ba ta isa ta sauya bes. Yanka soson liƙe-ƙofa mai kaurin milimita 1, irin wanda iska ba ta ratsawa, ka zagaye bakin da shi, kada ka bar giɓi inda kan biyu suka haɗu. Ramin da waya ta shigo ma a toshe shi da ɗan gam.

Daga nan sai kafar iska. Milimita 5 ta yi yawa in babu abin da ya rufe ta, ita ce ke kumbura bes ɗin. Rufe ta da salatif, ka huda milimita 2 a jikin salatif ɗin, ka saurara, sannan ka gwada 3. Ka lura cewa girman filin rami ba ya tafiya daidai da lambar abin huda: ramin milimita 3 fili ne na kusan murabba'in milimita 7, na milimita 4 kuma kusan 12.6, ya kusa ninkawa ke nan. Shi ya sa ƙarin milimita ɗaya kacal ke jirkita sauti. Idan ka sami girman da ya yi maka, liƙa matsattsen ƙyallen ulu, wanda ake kira felt, daga ciki a kan ramin. Iska za ta wuce amma da ƙyar, sai bes ya daina gunji ya koma bugu.

Sannan cikin ƙoƙon. Shimfiɗa soson shanye amo irin Paxmate na kamfanin Akasa a ƙasan ƙoƙon da bangonsa, kada ya hau kan kafar iska. A kansa ka sa auduga ko ulu da aka wargaza har ya yi sakayau, ka fara da giram 1 a kowane ɓangare. Da sikeli mai auna kashi ɗaya cikin ɗari na giram za ka auna, ba da ido ba. Audugar da aka dunƙule aka cusa ba ta shanye amo, cika wuri kawai take yi, ta rage girman ƙoƙon ta shaƙe tantanin.

Bayan faifan akwai ramuka-ramuka na roba kewaye da lasifikar. Cike su da Plasticine ko Newplast, wato yumɓun wasan yara da ba ya bushewa, kimanin giram 10 zuwa 15 a kowane ɓangare, daidai wa daida. Nauyin yana hana faifan rawa tare da tantanin. Kada ka yi amfani da yumɓun da ke bushewa a iska, zai tsage ya zube, ɓurɓushinsa ya shiga tsakanin maganaɗisu da tantani, daga nan sai ka ji ƙirr duk lokacin da bes ya buga.

Farin ƙyallen da kamfani ya liƙa a bayan lasifikar, ka bar shi yadda yake har sai ka gama duk waɗannan. In ka ɓare shi ba ya komawa. Ƙa'idar dai ita ce: yawan toshe bayan lasifika na rage bes ya fito da kaifin sama, rashin toshewa kuma na ƙara bes ya dushe sama. Idan kuge ya fara huda kunne, ganga ta rame, to ka zarce, sai ka rage.

Abu ɗaya za ka riƙa sauyawa a lokaci guda, a ɓangarorin biyu, ka rubuta abin da ka yi. In ka taɓa abu uku tare, ba za ka san wanne ya gyara wanne ya ɓata ba.

Masassaƙi:

Injiniya ya yi bayani. Ni dai zan ɗan saɓa masa a wuri guda: katako ba a banza yake ba. Nauyin mahogani wajen giram 0.55 zuwa 0.6 ne a kowane santimita kubik, eboni kuma ya kai kusan 1. Bango mai nauyi da tauri ba ya girgiza kamar mara nauyi, kuma Fostex da kansu sun fitar da hedifon TH-X00 da ƙoƙunan mahogani da eboni da purpleheart, masu sauraro kuma suna jin ɗan bambanci a tsakaninsu. Amma gaskiya ne, a kaurin milimita 7 wannan bambanci ƙarami ne, bai kai na rabin milimita a kafar iska ba. Kuma eboni zai kusan ninka nauyin ƙoƙon, wuya ce za ta ɗauka.

Abin da ya fi muhimmanci a wajen katako shi ne bushewa. Danshinsa ya kasance kashi 6 zuwa 8 cikin ɗari kafin a sassaƙa. Katako na kumbura da tsukewa ta faɗinsa, ba ta tsawon jijiya ba, don haka ƙoƙon da aka juya da ɗanyen katako yakan tashi daga da'ira ya koma siffar ƙwai. A faɗin milimita 90, sauyin danshi na kashi 4 na iya motsa shi kusan milimita guda, kuma wannan ya isa ya buɗe yoyo. Kifa ƙoƙon a kan gilashi ka haska tocila daga gefe. In haske ya ratsa, shimfiɗa sanfefa mai lamba 220 a kan gilashin ka goga bakin da zagaye har ya kwanta. A shafa mai ko fenti ciki da waje, in aka shafa waje kaɗai ɓangare ɗaya zai sha danshi ya lanƙwashe.

Kada a ɗaura sukuru kai tsaye a cikin katako ba tare da an fara huda masa hanya ba, bakin ƙoƙon zai tsage. Tunda za ka buɗe ka rufe sau da yawa, dasa mazaunin sukuru na tagulla mai zaren M2, domin zaren katako na cinyewa bayan 'yan kwancewa.

Ka kuma auna cikin ƙoƙunan biyu. Shimfiɗa leda siririya a ciki, ka zuba ruwa da sirinji har baki, ka ƙirga. Aikin hannu ne, ɗaya na iya fin ɗaya zurfi ba a sani ba.

Mai_Sauraro:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara basira. To batun matashin kunne fa, a sauya shi yanzu ko sai an gama cikin?

Injiniya_Sauti:

Yanzu, kafin ka auna auduga ko giram ɗaya. Matashi ya fi komai sauya sauti, domin shi ke yanke girman iskar da ke tsakanin tantani da kunne. In ka daidaita ciki da wani matashi sannan ka sauya, aikin ya koma farko.

Na asalin siriri ne, kunne na taɓa faifan. Na hedifon Shure SRH840 yana hawa T50RP da ɗan ja, yana rufewa da kyau, kuma bai nesanta kunne da yawa ba, saboda haka tsakiyar sauti ba ta ɓacewa. Masu zurfi irin Brainwavz HM5 sun fi daɗin sawa kuma suna buɗe fili, amma sukan janye muryoyi baya, wanda shi ne ciwon da kake kuka da shi. Fata tana riƙe bes, karammiski na sakin iska ya rage shi. Ƙafar tabarau ma tana buɗe yoyo, don haka ka yi gwajin yadda za ka riƙa sauraro kullum.

Ma'auni:

Ƙari kaɗan a kan bambancin hagu da dama. Kunne na sabawa da sauti cikin mintuna, bai isa shaida shi kaɗai ba. Manhajar auna sauti ta REW kyauta ce, ka haɗa ta da na'urar auna hedifon ta miniDSP EARS, ko ƙaramin makirufo da aka dasa a tsakiyar allo mai santsi. Allon ba zai ba ka ainihin abin da kunne ke ji ba, amma zai nuna ko ɓangarorin biyu sun yi daidai. Auna sau biyar, kana cirewa kana mayarwa, ka nemi kada su saɓa da fiye da dB 1, ma'aunin ƙarfin sauti ke nan, daga 100 zuwa 5,000 Hz. In bambancin a ƙasa da 200 Hz kawai yake, yoyo ne. In ya bi ko'ina, duba waya da mahaɗarta.

Idan an sake liƙa wayoyi lokacin sauya ƙoƙon, saka muryar da aka naɗa a layi ɗaya. Ya kamata ta tsaya cak a tsakiyar kai. In ta watse, bes ya ɓace, an juya waya a ɓangare guda. Wajen gyarawa kada ƙarfen dalma ya wuce daƙiƙa biyu zuwa uku a kan lasifikar, zafi na ɓamɓare mahaɗar daga tantanin, kuma ka riƙe sukuddireba da kyau don maganaɗisun na fizgar ƙarfe. Sannan hedifon ɗin ohm 50 ne amma mai cin wuta, dB 92 yake bayarwa a miliwat ɗaya. Ka yi duk gwajin da amfilifaya mai ƙarfi, domin fitar wayar salula za ta ba ka bes mai laɓo-laɓo, ka yi ta ƙara auduga a kan matsalar da ba a cikin ƙoƙon take ba.