Neman kalmar Hausa: me za mu kira hasken da ya shafe hoto?

Assalamu alaikum, 'yan'uwa masu ɗaukar hoto da masu gyaransa. Akwai wata kalma da na daɗe ina nema a duk lokacin da nake koya wa ƙannenmu gyaran hoto a kwamfuta, wato sunan wurin da haske ya yi yawa har ya zama fari fat, ba a ganin komai a cikinsa. Yawancinmu "hailait" muke cewa, alhali hailait sunan ɓangaren da ya fi haske ne kawai, ko ya lalace ko yana nan lafiya, saboda haka kalmar ba ta faɗin cutar da muke magana a kai.

Duk wanda ya taɓa ɗaukar hawan sallah a Kano ko Katsina ko Zazzau ya san abin da nake nufi. Mahayi ya sa farar babbar riga, an yi mata aiki da farin zare, ga kuma fuskarsa a inuwar rawani. Da zarar ka ƙara wa kyamara haske domin fuskar ta fito, sai aikin rigar da aka kwashe watanni ana yi ya ɓace gaba ɗaya.

Kalmar da manyanmu suka saba da ita ita ce "ƙonewa", kuma a zamanin fim tana da hujja, domin wurin da haske ya yi yawa baƙi yake fitowa a kan nagetif. Amma a yau tana ruɗar da mai koyo, saboda a wurin Bahaushe abin da ya ƙone baƙi yake yi, kamar gawayi ko ƙanzo, shi kuwa wannan fari ne. Wani malaminmu ya ba ni "kashe ido", sai dai wannan halin mai kallo take bayyanawa, ba halin hoton ba. "Ambaliya" ta fi kusa, amma ina ganin a ajiye ta don hasken da yake malala ya ɓata maƙwabtansa, kamar idan rana ta faɗo cikin gilashin kyamara.

Abin da nake ba da shawara shi ne "tumbatsar haske", kuma dalilina yana cikin yadda na'urar take aiki. Sensar kyamara, wato ɓangaren da ke karɓar haske a madadin fim, tana ɗauke da miliyoyin 'yan ƙananan gurabu, kowanne kamar ƙoƙo ne da yake tarar haske, kuma yana da iyakar abin da zai iya riƙewa. Idan ya cika, duk abin da aka ƙara zuba ba ya shiga lissafi: ƙoƙon da aka zuba wa ninki biyu da wanda aka zuba wa ninki goma lamba ɗaya za su bayar. Wannan shi ne ainihin ma'anar "ya cika ya tumbatsa".

RAW kuwa, wato fayil ɗin hoto yadda sensa ta ɗauko shi kafin kyamara ta sarrafa shi, ba ya buƙatar dogon nazari, "ɗanyen hoto" ya wadatar, kuma JPEG, wanda kyamara ta riga ta sarrafa, ya zama dafaffe. JPEG yana da matakai 256 kacal ga kowane launi, daga 0 zuwa 255, shi kuwa ɗanyen hoto yakan ɗauki 4,096 ko 16,384, gwargwadon kyamara. Hoton da kake gani a bayan kyamara, har da ƙyaftawar gargaɗin da take yi a wurin da haske ya yi yawa, daga dafaffen aka ciro su, shi ya sa sau da yawa wurin da kyamara ta ce ya tumbatsa za ka tarar da sauran rai a cikin ɗanyen.

A nan ne nake roƙon mu yi hattara, domin Turanci ya haɗa ayyuka daban-daban a ƙarƙashin kalma ɗaya, mu kuwa muna da halin rarrabe su. Idan bayanin yana nan a cikin ɗanyen hoto, ka rage haske a manhajar gyaran hoto irin su Lightroom ko darktable ko RawTherapee ya bayyana, wannan "farfaɗowa" ce, domin suma ya yi, bai mutu ba. Hali na biyu ya fi wuya. A tsarin da Bryce Bayer na kamfanin Kodak ya samu rajistarsa a 1976, rabin guraben sensa kore suke gani, rubu'i ja, rubu'i shuɗi, kuma a hasken rana koren ne yakan riga cika. Idan ya tumbatsa, ja da shuɗi ba su kai ba, sai farin ya rine ya koma ruwan hoda, manhaja kuma ta dubi launuka biyun da suka tsira ta ƙiyasta na ukun. Wannan "cike gurbi" ne, kuma yakan yi kyau ƙwarai a kan gajimare da farin tufafi.

Idan kuwa duka ukun sun tumbatsa, babu abin farfaɗowa. Jan maɓallin rage haske zuwa ƙarshe fari kawai zai mayar toka-toka, kuma duk zanen da wata manhaja ta sa a wurin ƙirƙirarsa ta yi. Ina ganin wajibi ne mu kira wannan "ƙage" a gaban mai hoto, musamman idan rigar aurensa ce, domin aikin da ya fito ba na mai ɗinkinsa ba ne.

Na gwada kalmomin a bakin aiki kuma sun zauna: "hular ta tumbatsa amma ta farfaɗo", "kore kaɗai ya tumbatsa, a cike gurbi". Abin da ya rage shi ne zaɓi tsakanin "tumbatsa" da "batsewa", tunda dukansu ana faɗa wa abin da ya cika ya wuce kima. Ina son jin ta bakin 'yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram, waɗanda suka koyi aikin da Faransanci, harshen da shi ma ƙonewa yake cewa: wacce ta fi sauƙi a kunnen almajiranku?